Kawu Ya Gyara Mana Hita

Daren Laraba, unguwar Nuzla, Jidda

Jiya-jiya Kawu Sabo ya sauka Jidda, yau wai ya gyara mana hitar banɗaki. Da gangan muke kashe ta lokacin zafi, domin rana tana tafasa tankin saman bene, ruwan cikin hitar ne kaɗai mai sanyi. Ina kallo ya kunna ta yana cewa, "Gida ba namiji, komai a mace."

Kaka ta je alwala, famfo biyu duk wuta, hannunta ya tashi. Umma ta ce halas, ya wuce, kada a kunyata baƙo, in kashe a ɓoye.

Ban kashe ba. Na cika wa Kaka bokiti ya huce. Injiniyan namu, Kawu, da azahar yake wanka.