Amsar Inna Kan Tafiya Kano

Zuwa ga Yaya Lai'atu,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da sauran talakawan da ke ƙarƙashin mulkinki a Kano.

Bayan haka, ni Irmiya, autan gida kuma kakakin fadar Malam Yakubu ta Gwiwa, ina gabatar da rahoto. Tun da aka sallamo Inna daga asibiti a Kazaure, hannun dama bai motsa ba, magana kuma ba ta dawo ba. Matar da take ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu tun kafin a haife ni, yau ko ruwa sai da nuni take nema.

Saƙonki ya iso, cewa bayan bikin Ista za ki turo mota a mayar da ita wurinki dindindin, kusa da likitoci. Baba ya ce hujjarki ta fi ƙarfinsa. Da na faɗa wa Inna, bango ta juya wa fuska. Majalisa ta kasa tantance ko amincewa ce ko tawaye.

Ƙanenki mai biyayya gwargwadon hali,
Irmiya

Zuwa ga Yaya Lai'atu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina roƙon ki zauna kafin ki karanta.

Ran Lahadi bayan sujada, matan Zumunta suka zo dubiya da tulunsu na kiɗa. Mama Dela, ƙawar Inna, ta ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin da Inna ta tsara da bakinta. A baiti na biyu ta yi tuntuɓe, sai muka ji an gyara mata daga kan gado. Inna ce. Ta ja baitin har ƙarshe, ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mata ba. Da aka gama muka yi mata magana, shiru kamar da. Ma'aikaciyar jinyar da muka tambaya ta ce akan ga haka: magana ta tafi, waƙa ta zauna.

Nan take Baba ya kafa doka: tunda da waƙa take amsawa, da waƙa za a riƙa tambayarta. Kin dai san muryar Baba. Jiya ya rera mata tambayar ko za ta sha kunu, kaji suka yi hijira zuwa gidan maƙwabta. Kaltume mai kawo mana nono ta sauke ƙwarya don dariya, ta ce ko shanunsu ba sa yi wa mutum haka. Inna kuwa ta dube shi ta ɗauko waƙarta ta kira ga masu zunubi su tuba.

A ajiye wasa, Yaya. Watannin nan na daina addu'a, sai dai in rufe ido tare da jama'a. Ina ganin ba a kyauta ba, a rufe bakin da bai taɓa gajiya da yabo ba. Ita da abin ya sama kuwa, da asuba da yabon take tashinmu.

Naki,
Irmiya

Zuwa ga Yaya Lai'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, Allah ya sa kun shiga mako lafiya.

Kin ce in tambayi mai jiki kafin ki turo mota. Na cika umarni. Na tara Baba da Mama Dela shaidu, na durƙusa, na shimfiɗa mata fa'idojin Kano cikin adalci: likita, lantarki, jikoki. Na ce in ta yarda ta ɗaga hannun hagu.

Ba ta ɗaga ba. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta fara wata waƙa da ban taɓa ji ba:

"Inda Ka ajiye ni, nan nake, Ubangiji,
Ba don da daɗi ba, don Kana nan."

Mama Dela ta rufe fuska da mayafi. Daga baya ta gaya mini Inna ta yi waƙar ne a shekarar yunwa, ranar da suka dawo daga binne yayanmu Ishaku, lokacin da dangi suka matsa mata ta bar garin. Sau ɗaya ta rera ta. Ni da nake taƙama da manyan kalmomi, ƙarama ɗaya ce ta zo mini. Sai na ji bakina ya ce amin, kuma wannan karon da gaske na faɗa.

Saboda haka majalisa ta yanke hukunci, Baba ya janye goyon bayansa gare ki ba tare da kunya ba. Ni zan riƙa kai ta Kazaure ganin likita. Ki bar motarki ta zo, amma da ke a ciki, da yara, da kayan kwana. Inna tana nan.

Ƙanenki,
Irmiya Yakubu