Abin da Likita Ta Ce wa Baba

Zuwa ga Yaya Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ramlat da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar shanu? Inna tana gaishe ka. Na ba Basiru direba wannan takarda ne saboda duk sanda ka bugo waya Inna tana kusa, ba na iya sakin baki.

Ciwon cikin Baba bai lafa ba, har ya daina zuwa gonarsa ta Watari. Ranar Talata na nemi izini a makaranta na kai shi asibiti a Kano. Likitar 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa sosai, sai na zama tafinta. Da aka yi masa hoton ciki ta ce an ga "a small growth" a hantarsa, wato ɗan ƙaramin ƙari.

Ka san a wannan zangon abin da nake koya wa 'yan aji biyu ke nan: small, little, tiny. Kullum ina gaya musu tiny ya fi small ƙanƙanta, kamar ƙwayar riɗi kusa da ƙwayar wake. Shi ya sa na tambaye ta ko tiny ne. Ta dube ni, ta ce a'a, small ne. Raina bai so wannan amsa ba, amma dai ƙarami ƙarami ne. Da na fassara wa Baba, dariya ya yi, ya ce ƙaya ma ƙarama ce, amma tana zaunar da ƙato. An ba shi magani, za mu koma. Kada ka tada hankalinka, ba sai ka zo ba.

Ƙanwarka,
Nazira

Zuwa ga Yayana,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Mun koma asibiti. Baba ya rame, idonsa ya yi rawaya. Likitar ta daɗe tana bayani, a ƙarshe ta ce, "There is little we can do." Yaya, da a ce ban san Turanci sosai ba, da na fita ina murna. In Bature ya ce a little, yana nufin akwai ɗan abin da ya rage. In ya cire harafin "a" ɗin nan na farko ya ce little kawai, to kusan babu ke nan. Na sa ta maimaita, ina kasa kunne ko zan ji harafin. Ban ji shi ba.

Baba ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce mu koma gida mu ci gaba da magani da addu'a. Sai da motarmu ta wuce Dawanau ya jingino ya ce, "Malama, likita ta yi magana mai tsawo, ke kuma kin ba ni guntuwa. Ina ragowar?" Na kasa haɗa ido da shi. A cikin motar nan, mutane na cinikin gero a bayanmu, na gaya masa duka. Ya yi salati, ya ce Allah ne ya ba shi kwanakin, shi zai karɓa. Sannan ya roƙe ni kada Inna ta ji, saboda hawan jininta.

Yanzu ni kaɗai nake ɗauke da maganar a gidan. Inna tana dama masa kunu tana cewa ya fara samun sauƙi, ni kuma ina cewa haka ne. Na ce maka ba sai ka zo ba, na janye. Ka bar shanun a hannun yaronka Ja'afaru ka taho, don Allah.

Taka,
Nazira

Zuwa ga Yaya Abdulkabir,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Na gode wa Allah da ka same shi da rai, har ya riƙe hannunka.

Na koma aiki. Muna bita saboda jarrabawa, sai wata yarinya, Aina'u, ta ɗaga hannu ta ce har yanzu ba ta gane bambancin little da a little ba. Na ɗauki alli na rubuta su a allo, sai na ajiye allin. Na fita na tsaya a bayan aji har aka buga ƙararrawa. Abokin aikina Malam Kamaruddeen ne ya ƙarasa musu.

Da na dawo gida na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ga idona, ta ce in zauna. Na ga ba zan iya ci gaba da riƙewa ba, na fara gaya mata abin da likita ta faɗa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce ranar da muka dawo daga Kano karo na biyu, kafin ma ya cire hularsa, Baba ya gaya mata komai. Ya ce mata yarinyar nan ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, in ta ga kukan uwarta a kai za ta karye, don haka ta daure ta yi kamar ba ta sani ba. Duk sauƙin nan da take cewa ya samu, saboda ni take faɗa. Ta ce a bayan rumbu take kukanta in na tafi makaranta.

Yaya, mun zauna a kan tabarmar nan mun yi kukan tare, har gyaɗar ta zube ba wanda ya kula.

Ta ce in gaya maka an girbe waken Baba, ta ware maka naka, Basiru zai kawo. Ka gaida Anti Ramlat da yara. Ka riƙa kiran Inna da la'asar, lokacin ne gidan ya fi yi mata shiru.

Ƙanwarka,
Nazira