Hukuncin Zuwaira Bayan Faɗan Bakin Famfo

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Barau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sumayya da yara, da harkar kasuwa a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau a Karare bana, sai dai gonakin bakin daji ba wanda ya iya shiga. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita alwala da kanta.

Maganar 'yarka Zuwaira ce ta sa na rubuto. Ɗana Sadiq ya ce ka gaya masa a waya ta zubar maka da mutunci, kada a ƙara kiranka a kanta. Rabin labari ka ji, ɗan'uwana, bari in cika maka. Ka san tun da 'yan bindiga suka kashe mijinta Ashafa a Runka ta dawo wurina da goyonta. Rannan a layin famfo, maƙwabciyarmu Khaula ta ce a gaban mata wai Ashafa infoma ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto, mutanensa ne suka juya masa baya. Zuwaira ta ɗaga bokitin ƙarfe ta kai mata duka, Khaula ta tare da hannu, hannun ya karye. Ban ce ta yi daidai ba, na kuwa gaya mata. Ta kwana a hannun 'yan sanda, yaron yana ta tsala kuka a bayana, ko kunu ya ƙi karɓa.

Ranar shiga kotu na riga na ƙulle mata kaya a ɗankwali, don na saddaƙar gidan yari za ta. Sai Allah ya kawo wata lauya, Hadijatu, cikin masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ta shaida wa alƙali wannan ne laifin Zuwaira na farko, ga ta tana shayarwa, in an ɗaure ta ko dai yaron ya yi rarrafe a kurkuku ko a raba shi da nono, alhali doka ta ba da damar a hukunta mutum yana gidansa. Alƙali ya tambayi Khaula abin da take so. Khaula ta ce ɗaurin Zuwaira ba zai daka mata hatsi ba. Aka yanke Zuwaira ta riƙa sharar asibiti da safe na wasu watanni, ta kuma yi wa Khaula aikin gida har hannun ya warke, wata jami'a tana leƙowa tana dubawa.

Da farko ko gaisawa ba sa yi, Zuwaira ta yi daka ta ɗebo ruwa ta fito. Wata rana na je kai mata yaron ya sha nono, Khaula ta miƙo hannunta mai lafiya ta karɓe shi, ta ɗora a cinya. Juma'ar da ta wuce kuwa, da kanta ta tsaya a bakin famfo ta ce wa mata ƙarya ta yi wa Ashafa, a yafe mata. Zuwaira ta dawo ta kifa kai a ƙafata ta yi kukan mijinta, wanda ba ta yi ba tun rasuwarsa.

Barau, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wadda aka karya ta yafe, hukuma ta sassauta, saura kai. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai Zuwaira ta bar abin da take yi ta tsaya a bakin ƙofa. Ka kira ta, ko faɗa ne ka yi mata, muryarka take so.

Inna tana sa maka albarka. Rilwanu da Armaya'u suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Sumayya, ka shafa mini kan Sahabi. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Turai.