Galan ɗin Auta

Asabar, 2 ga Satumba

Na tayar da motar ɗana Auta kamar yadda na saba kowace Asabar. Yau sai da na murɗa makulli har hannuna ya gaji kafin ta kama, kuma ƙarar ba ta yi min ba. Wani kwas-kwas take yi daga ciki. Ni tela ne, ban san mota ba, ban ma iya tuƙi ba, amma na san kukan ƙarfen da ke neman mai. Keken ɗinkina haka yake yi in na yi masa rowa.

Na bar ta ta ɗan yi zafi, na kashe, na mayar da tamfol.

Talata, 5 ga Satumba

Ruwa tun safe. Ba wanda ya leƙo shago sai mai wandon nan da yake so a rage masa ƙugu, alhali tumbin ne ya kamata ya rage. Na dawo gida, na ci abinci a tsaye. Gidan nan ya yi min yawa tun rasuwar mamarsu, ɗaki huɗu da mutum ɗaya.

Asabar, 9 ga Satumba

Na kira Dogo bakanike, na bakin titinmu. Ya ɗaga murfin inji, ya zaro ƙarfen awon mai, ya shafa a yatsa, sai ya ce, "Baba Tela, yaushe rabon motar nan da juyen mai?"

Na ce tun kafin mai ita ya tafi. Shekara huɗu ke nan da wani abu.

Ya riƙe baki. Ya nuna min ƙarƙashin murfin da ake zuba mai, wani abu fari-fari ya kama shi kamar shayin da aka cika wa madara. Wai tayarwar nan da nake yi ina kashewa ba tare da ta hau titi ba, ita ce take tara gumi a cikin inji, ruwa ya gauraya da mai. Ni nan ina ganin gata nake mata, ashe cutar ta nake duk Asabar. Kunya ta kama ni, na ɓuge da yi masa faɗa a kan ya taka min tamfol.

Ya ce in ba a yi juye da wuri ba inji zai tashi aiki. Na ce akwai mai a gida. Ya ce in kawo. Na ce ba yau ba.

Lahadi, 10 ga Satumba

Galan ɗin man yana nan a ƙasan kabad ɗin Auta, bayan takalman ƙwallonsa. Ana saura kwana kaɗan ya tafi karatu waje ya sayo shi, bai samu sukunin yin juyen ba. Ya ce, "Baba, kar ka bari kowa ya taɓa min. Da na dawo ni zan yi da hannuna." Da zai fita ma sai da ya sake faɗa a bakin ƙofa.

Karatun shekara biyu ne. An gama, an samu aiki, an yi aure a can, ni dai hotuna na gani a waya.

Na goge ƙurar galan ɗin. Murfinsa a like yake kamar jiya aka sayo.

Laraba, 13 ga Satumba

Na tsaya garejin Dogo a hanyar shago, kamar wucewa kawai nake. Na ce wani ne yake tambaya, shin man inji yana lalacewa in ya daɗe ba a buɗe ba?

Ya ce, "Wannan wanin, a ina ya ajiye shi?"

Ɗan banza. Na ce a ɗaki, cikin kabad, ba rana ba danshi.

Ya ce to ya yi dabara. A iya saninsa, wanda ba a fasa murfinsa ba yakan kai wajen shekara biyar lafiya, in dai zafi da laima ba su same shi ba. In duba gindin galan, wani lokaci akwai kwanan watan da aka yi shi. Amma magana ta gaskiya sai an buɗe an tsiyaya an gani. In garau yake, ba dusashewa, ba guda-guda a ƙasa, ba wani wari, shi ke nan. Na ce ba yadda za a gane daga waje? Ya ce, "Baba Tela, kai kana gane yadi a cikin leda ba ka taɓa ba?"

Na duba gindin da na dawo. Rubutun ya goge rabi. Ko ma dai yaya ne, ya kusa biyar ɗin.

Juma'a, 15 ga Satumba

Ba komai. Na ɗinke riga biyu. Rediyo ya lalace.

Lahadi, 17 ga Satumba

Babbar 'yata ta zo da yaranta, gidan ya ɗan yi hayaniya na awa biyu. Ta iso a gajiye, motar haya uku suka hau, ƙaramin ya yi amai a ta ƙarshe. Haka take fama kullum zuwa asibitin da take aiki, ga lasisin tuƙinta a jaka yana tsufa. Ba ta taɓa ce min komai a kan motar ba, ko sau ɗaya. Yau dai da na ba ta labarin Dogo sai ta ce, "Baba, ka kira shi mana ka tambaye shi. Mai ne fa kawai."

Na ce ke ba ki san komai ba. Ta ci gaba da wanke min kwanukan da na tara.

Mai ne kawai. Ita ba ta ji yadda ya faɗa a bakin ƙofa ba.

Litinin, 18 ga Satumba

Na ɗauki galan na jijjiga shi a kunne kamar wani mai duba kwakwa. Me nake so in ji? Oho.

Alhamis, 21 ga Satumba

Na kira Auta. Sau uku tana shiga ba a ɗauka ba, sai can da la'asar ya kira da kansa. Yana cikin mota, ina jin ƙarar sigina. Muka gaisa, ya tambayi ƙafata, ya ce matarsa tana gaishe ni, nauyi ya fara yi mata yawa. Na yi addu'a. Sannan na ce, dama batun man nan ne.

Ya ce, "Wane mai, Baba?"

Na ce na cikin kabad. Galan ɗinka.

Sai ya kwashe da dariya, irin dariyarsa ta yarinta, har da buga sitiyari. "Kai Baba! Wai har yanzu yana nan? Ai na ɗauka tuni an zubar. Motar ma tana tashi kuwa?"

Na ce tana tashi.

Ya ce in yi yadda na ga dama da ita, wallahi duk abin da na yanke daidai ne, zai kira ni ranar Lahadi, yanzu ya iso wajen aiki.

Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Yaron kirki ne. Da ma da mugunta ne, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Na zauna a bakin gadonsa har aka kira magariba. Na yi kewar yaron nan, kewa mai ciwo, kuma yau na gane ni kaɗai nake riƙe da maganar nan.

Juma'a, 22 ga Satumba

Ban buɗe shago ba. Na ce wa maƙwabcina ƙafa ce.

Asabar, 23 ga Satumba

Ban tayar da ita ba yau. Na tsaya a ƙofar gareji da makulli a hannu, na tuna maganar gumi, na koma ciki.

Talata, 26 ga Satumba

Dogo ya zo da sabuwar filta da kwanon tarar mai. Ya miƙo hannu zai karɓi galan, na ce bari. Ni na fasa murfin. Ya yi tauri, sai da na sa tsumma, ya yi ƙas ya buɗe, shi ke nan. Abin da na yi ta jin tsoro, ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Muka tsiyaya kaɗan a farin kofi, muka fita da shi haske. Garau, kamar zuma. Dogo ya sunsuna, ya murza a yatsa, ya leƙa cikin galan da tocila, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ka iya ajiya, Baba Tela."

Na ce na iya.

Wanda ya fito daga cikin injin kuwa, kar ka so ka gani. Da ya gama ya tayar, ƙarar ta kwanta lumui. Ya ce saura tayoyi, sun bushe sun tsattsage, a canza su kafin a hau titi. Sannan a riƙa tafiya da ita sosai, mota ba ta son zama. Na ce na ji. Ya tambaya ko zan ajiye galan ɗin, na ce ya tafi da shi, me zan yi da fanko.

Lahadi, 1 ga Oktoba

An sa tayoyi jiya. Yau 'yata ta zo, na ce ta zagaya da mu a ga ko aikin Dogo na kirki ne, don ban yarda da shi ba. Na zauna a gaba. Tana tuƙi a hankali, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, yara a baya suna ta ihu a bi ta gada. Ban taɓa sanin ta iya haka ba. Mun je har bayan kasuwa mun dawo.

A ƙofar gida ta ce, "Baba, in shigar da ita ta baya ko ta gaba?"

Na ce ta wuce da ita gidanta kawai, rufin garejin nan yoyo yake, kar ruwa ya lalata wa mutane mota. Na ɗan lokaci ne, kafin in samu mai gyara.

Ta leƙa ta taga ta dubi rufin, ta dube ni. Ta ce, "To, Baba."

Rufin ba abin da ya same shi.