Sunan da Ya Ƙi Fita Daga Bakina

Zuwa ga Baba Barmo, mai filin shawarwari,

Bayan gaisuwa, ka taimake ni don Allah, na shiga rijiya da ƙafata. Ka yi haƙuri da ajamina, shi na iya.

Ni manomi ne a Gangara. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, wasu sun ɓoye nasu cikin rumbu. Ni ma na so ɓoyewa, sai dai rumbuna cike yake da gero, aka tafi da yaron nan. Ashe alheri ne. Bana shekararsa shida a lakwal, kuma an ce shi ke gaba a aji.

Watan jiya aka kira taron iyaye. Na sa rigar salla na tafi. Mushensu, wato malaminsu, baƙo ne daga can bakin teku, mutumin kirki, Hausarsa dai sai a hankali. Ya yi ta yabon yaron nan, sannan ya ce ubansa ya tashi ya faɗi sunan ɗansa a tafa masa. Baba, ɗan farina ne fa! Tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, balle a gaban jama'a. Na duƙar da kai ina ƙirga tururuwa. Da shirun ya yi yawa, maƙwabcina Haruna, wanda ɗansa ke riƙe da wutsiyar aji, ya tashi don ya rufa mini asiri. Shi aka ba hannu, shi aka tafa wa. Har yau yana tafiya kamar zakara.

Da aka gane ni ne uban, mushe ya tambaye ni me na gani game da yaron. Na ce sakarai ne, ba ya jin magana, kamar dai yadda kowane uba mai kunya zai ce. Sai na ga ya rubuta wani abu.

Yanzu an ce wanda ubansa ya yarda kaɗai za a kai Tanut jarrabawar sartifika ta gama firamare, daga nan kolej a Damagaram. Mushe ya ɗauka gona nake so in mai da shi. Uwar yaron ta ce kwana uku bai gama tuwonsa ba. Ni kuwa takardar sakamakonsa ta bara tana cikin gafakata, ban iya karanta ta ba, amma kullum sai na duba. Akwai wani taron ranar kasuwa mai zuwa. Yaya zan yi?

Mai Ƙirga Tururuwa, Gangara

Amsa

Malam Mai Ƙirga Tururuwa, na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman sunan yaron, ban samu ba. Lalle ka cika ɗan halak.

Ba ka yi laifi ba, haka iyayenmu suka rene mu. Mushe ma bai yi laifi ba. Baƙo idonsa ne babba, amma ba ya ganin gari. A wurinsu, uban da ya ce ɗansa sakarai ne, nufinsa ke nan.

Kada ka jira taro. Ka sami mushe da hantsi, shi kaɗai, tare da ƙaninka ko kakar yaron, waɗanda bakinsu ba a ɗaure yake ba. Su faɗi sunan, su bayyana masa kunyar ɗan fari. Zai yi dariya, zai kuma ƙaru, don ba kai kaɗai ba ne a garin. Sannan ka tambaye shi inda yaron ke da rauni da abin da zai buƙata a Tanut. Taron iyaye ba wurin shan tafi ba ne kawai, ka bar wa Haruna wannan.

Ka tafi da gafakar nan. Ka fito da takardar a gaban mushe, a gaban yaron kuma, ka ce a karanta maka. Ba sai ka yabe shi ba, zai ga inda ka ajiye ta.

Abu ɗaya ne ba mai yi maka. Suna kowa na iya faɗa, amma "na yarda ya tafi" daga bakin uba take fita, kuma babu suna a cikinta. Ranar kasuwa ka tashi tsaye ka faɗe ta da ƙarfi, har tururuwan su ji.

Allah ya ba yaron nan sa'a, ko wane ne sunansa.

Baba Barmo