Ƙafar Inna

Ibadan, Yuli 1976

Yaya Elkana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Amarya da yara, gero kuma ya yi kyau a Riko. Ina taya ka murnar sabuwar fijo. Na ji har 'yan kwastan na Jibiya suna ɗaga maka hannu.

Ni lafiya lau. Da safe ina tsayawa bayan likitocin ƙashi ina kallon aiki, da yamma ina binciken ƙwayoyin cutar da ke cin ƙashi idan karaya ta zo da rauni. Nama ya fita raina, amma wake ma abinci ne.

Hamidu direba ya kawo albasa nan, ya ba ni labarin da ka manta ka gaya mini. Ranar da zan dawo makaranta Inna ta faɗo daga amalanke, ƙashin ƙafarta ya hudo fata. Ka dafa Littafi Mai Tsarki ka ce mini asibitin Katsina za ka kai ta. Ashe ina ba da baya ka ƙetare da ita Maraɗi wajen maɗori, aka naɗe raunin da kara da tsumma, aka ce kada a kwance sai sabon wata.

Na san ƙarshen irin wannan ɗori. Jiya ni na riƙe ƙafar wani manomi ana yanke ta.

Ka kai ta Katsina yau, ko da ta ƙi. Karatun nan nawa da kuke alfahari da shi a coci, ku gwada amfani da shi sau ɗaya.

Ka gaida Inna. Kada ka ce mata na yi fushi. Ka ce ina so in same ta da ƙafa biyu.

Ƙanwarka,
Sarai