Dokin da Na Sa wa Suna Haliyos

Zuwa ga 'yata Filista,

Gaisuwa mai yawa daga Rodos. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da cikin da kike ɗauke da shi.

Kin san bikin allan rana ya matso, lokacin da ake kora dawakai huɗu da karusarsu daga kan dutse zuwa cikin teku. Bana an zaɓi farin dokinmu, wanda kika raina da madarar akuya bayan uwarsa ta mutu. Shugaban ɗakin bauta ya ce tunda na sa masa suna Haliyos, sunan allan rana, ai da bakina na kyautar da shi, domin mai suna shi ke da abinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, da hantsi aka haife shi, shi ke nan fa!" Ya ce in kawo hujja.

Kada ki tayar da hankalinki. Na samo Malam Kiliton, mai koyar da yara a bakin kasuwa, zai nuna musu cewa sunan ba komai ba ne illa rana, wadda ke busar mana da ɓaure tun kafin a gina ɗakin bauta.

Mahaifinki,
Aristiyon

'Yata Filista,

Bayan gaisuwa, yaya nauyin jiki? Ni dai ga ni nan.

Da na sani na tsaya da bakina. Kiliton ya fara da kyau. Ya ce mutanen Atina Heliyos suke cewa, mu Haliyos, kuma duk rana ake nufi. Da ya ga manya sun zuba masa ido, sai ilimi ya motsa. Ina ta taka masa ƙafa, ko a jikinsa. Ya ce wasu masana na ganin sunan daga kalmarmu ta teku ya samo asali, saboda daga can rana take ɓullowa kullum. Shugaban ya yi dariya ya ce, "Madalla, Malam! Ashe gida zai koma." A hanya Kiliton har yana tambayata ko na ga yadda ya burge su.

Jiya aka yi bikin. Sauran ukun sun kama hanya salin alin, namu ya kafe ƙafafu nesa da gaɓa. Aka yi bulala, aka yi ihu, ya ƙi, har jini ya fara zuba a gadon bayansa. Na kasa kallo. Na sauka ta gefen dutsen, can ƙasa wajen teku inda zai ji ni, na yi masa fito irin wanda kike yi idan za ki ba shi sha'ir. Filista, da gudu ya taho, har cikin teku.

Tun safe maƙwabta ke shigowa yi mini barka, wai gidanmu ya sami albarka. Ina amsawa. In kin haihu, ki bar mijinki ya zaɓi suna, kada ku tambaye ni.

Ki gaishe shi.

Mahaifinki,
Aristiyon